Kun Tambaya, Mun Amsa: Yini Ɗaya a Zanzibar Kafin Jirgi Ya Ɗaga

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ne kan Zanzibar, tsibirin da ke gaɓar Tanzaniya, inda manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zirga-zirga tsakanin Mombasa da Seshels da Afirka ta Kudu sukan yada zango. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita wasu.

Wata Hajiya daga Kano ta rubuto: Jirginmu zai tsaya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Kamfanin jirgin yana tallata mana yawo kala-kala da tsada. Akwai abin da mutum zai gani da ƙafarsa ba tare da ya biya su ba?

Hajiya, akwai, kuma shi ne mafi daraja a tsibirin. Amma ki fara gyara lissafin lokaci. Awa 9 ɗin da ke rubuce ba duka naki ba ne. Manyan jirage sau da yawa ba sa matsowa bakin tasha, sai su jefa anga a cikin teku, ƙananan jirage su riƙa jigilar fasinja. Waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara saukewa, sauran su bi layi da tikiti. Da yamma kuma ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin lokacin tashin babban. Idan kika cire wannan da wancan, abin da zai rage miki a ƙasa bai wuce awa 6 zuwa 7 ba.

Sa'ar da aka yi ita ce tashar tana unguwar Malindi, a gefen tsohon garin da mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, wanda duniya ta fi sani da Stone Town. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Kina fitowa daga ƙofar tasha ki bi titin Mizingani, teku yana hannunki na dama. Ginin farko da zai tsayar da ke shi ne tsohon asibitin shan magani mai barandar katako da sassaƙa, wanda attajiri ɗan asalin Indiya Tharia Topan ya aza harsashinsa a 1887, aka gama a 1894. Tafiyar kamar minti 10 daga nan za ta kai ki Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko a tsibirin da aka sa wa wutar lantarki. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, aka killace shi ana gyara da tallafin Oman, don haka daga waje za ki kalla. Kusa da shi akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal.

Daga nan ki kutsa cikin gari. Lungunan sun yi kama da na cikin birnin Kano wajen ƙunci da lanƙwasa, mota ba ta shiga, amma babur da keke suna shiga da gudu, sai ki manne da bango in kin ji ƙararrawa. Abin kallo a nan ƙofofi ne: masu kai murabba'i da rubutun ayoyi a sama salon Larabawa ne, masu kai kamar baka da ƙusoshin tagulla salon Indiyawa ne. Ki nufi Mkunazini, inda cocin Anglika yake a kan filin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Akwai ɗakin baje kolin tarihin cinikin bayi a harabar, ana biyan kuɗin shiga, kuma ya cancanci a ba shi minti 45 ko fiye. Kasuwar Darajani, wadda aka buɗe a 1904, tana nan kusa. Ki je mata kafin sha biyu, lokacin da ɓangaren kifi yake da rai.

Abu ɗaya da za ki rasa shi ne kasuwar abincin dare ta lambun Forodhani, wadda hotunanta suka cika intanet. Sai rana ta faɗi take ci, ke kuwa lokacin kina cikin jirgi.

Masu tare baƙi a bakin tasha, waɗanda ake kira papasi, za su bi ki suna cewa su jagorori ne. Jagora na gaskiya yana da katin shaida daga hukumar yawon buɗe ido. Ki nemi gani, ki yanke kuɗi da tsawon lokaci kafin ku taka, ki kuma faɗa masa tun farko ba kya son yawon shaguna, domin a can yake samun la'ada.

Wani magidanci daga Kaduna: Da yara uku za mu je, su kuwa maganarsu ɗaya, tsibirin manyan kunkuru.

Malam, sunansa Changuu, ana kuma ce masa tsibirin kurkuku. An gina gidan yari a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara aka mayar da shi. Kunkurun irin na tsibirin Aldabra da ke Seshels ne, asalinsu kyauta ce daga Seshels a 1919. Nisan wajen kilomita 5 da rabi ne daga gari, tafiyar minti 20 zuwa 30 a kwalekwalen katako mai inji, ana hawa a bakin ruwan da ke kusa da Forodhani.

Ga inda ake samun matsala. Kuɗin kwalekwale daban, kuɗin shiga tsibirin daban, ka tambaya ƙarara ko wanne ke cikin cinikin. Kada ka biya kuɗin dawowa gaba ɗaya tun daga gari, ka riƙe rabi sai an dawo da ku. Ka ƙirga rigunan ceto da idonka, ka tabbata akwai daidai jikin yara, domin ta manya takan zame wa ƙaramin yaro ta kai in ya faɗa ruwa. Hawa da sauka a cikin ruwa ake yi, ana jiƙewa zuwa gwiwa, saboda haka takalmin roba ya fi.

Sai batun agogo, wanda ya sa mutane da yawa a uku. Waswahili suna fara ƙirga awoyi ne daga ƙarfe 6 na safe. Idan mai kwalekwale ya ce zai dawo "saa saba", wato awa ta bakwai, ƙarfe 1 na rana yake nufi. Bambancin awa 6 ne cif. Ka nuna masa lokacin a fuskar wayarka da lambobi, ku amince a kai. Ku tafi da safe ku dawo kafin ƙarfe 1, sauran lokacin a ba tsohon gari. Da rana iska takan tashi, musamman daga Yuni zuwa Satumba, dawowar ta zama da jijjiga.

Za a yi maka tayin haɗawa da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku. Yana da kyau, amma ba inuwa sai ta rumfar da aka kafa, kuma idan teku ya cika yakan shanye shi kusan duka. Da yara uku da jirgi mai jira, mu dai ba mu ba da shawarar a haɗa biyun ba.

Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi: Gonakin kayan ƙamshi ko dajin birai, wanne ya fi? Ko za a iya duka biyu?

Hajiya, tunda ke mai harkar kasuwa ce, gonakin za su fi miki amfani. Suna yankin Kizimbani da Kidichi, tafiyar kamar rabin awa a mota. Tun zamanin Sayyid Sa'id, sarkin Oman da ya mayar da fadarsa Zanzibar a wajajen 1840, kanumfari ya zama arzikin tsibirin, ko da yake a yau mafi yawansa daga Pemba, tsibirin da ke arewa da shi, yake fitowa. Za a nuna miki bishiyarsa, da ɓawon kirfa ana ɓare shi ɗanye, da masoro yana yaɗo a jikin wata bishiya, da citta da kurkum ana tono su, da fanila. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Samarin da ke saƙa miki jaka ko hula da ganye, da mai hawa kwakwa, duk ɗan alheri suke jira, ki tanadi canji. Wajen saye kuwa, ki ɗauki kayan da ba a niƙa ba. Gari yana saurin rasa ƙamshi, kuma ba ki san me aka gauraya a ciki ba. Kanumfari mai kyau yana da kansa a jiki, idan kika danna shi da farce sai ki ga ɗan maiƙo. Farashin Darajani yakan fi na gona sauƙi in kin iya ciniki.

Dajin Jozani yana kudu maso gabas, wajen kilomita 35, tafiyar kusan awa ɗaya. An mayar da shi gandun ƙasa a 2004, kuma a nan ake ganin jan birin Zanzibar, wanda babu irinsa a wata ƙasa. Ana ba da jagora a ƙofar shiga. Ba a ba birai abinci, ba a taɓa su, mai mura ma ya ja baya, domin suna kamuwa da cutar mutane. Akwai kuma gadar katako da ke ratsa bishiyoyin ruwan gishiri.

Duka biyun za su yiwu da mota ta haya da direba ɗaya tun safe, amma tsohon gari ya tafi ke nan. Kada ki dogara da daladala, motocin haya na gari. Sai sun cika suke tashi.

Wani matashi daga Abuja: Ni bakin teku kawai nake so, Nungwi ko Paje?

Nungwi tana can ƙuryar arewa, wajen kilomita 60, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, ban da cunkoson shigowa gari da yamma. Amfaninta shi ne ana iya iyo kusan kowane lokaci. Paje da sauran gaɓar gabas kuwa, idan teku ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar fili mai ciyawar ruwa da wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa. Cika da janyewa sau biyu ne a yini, kullum yana ƙara jinkirin kamar minti 50, kuma ya fi tsanani a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Ka duba jadawalin ranar kafin ka zaɓa. Ko ina ka je, ka baro wurin aƙalla awa 3 kafin ƙaramin jirgi na ƙarshe. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama, ka ƙara a kan haka.

Wani Alhaji daga Kumasi: Ina zan yi salla, kuma an ce akwai wani masallaci mai shekaru kusan dubu?

Alhaji, mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, masallatai kuwa kusan kowane lungu a tsohon gari. Na Malindi mai hasumiya kamar mazugi yana dab da tasha. Shafi'iyya ce ta fi yawa, akwai kuma masallatan Ibadiyya da na Shi'a. Wanda aka ba ka labari shi ne na Kizimkazi a kudancin tsibirin, inda akwai rubutun Kufi a jikin mihrabi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107. An sake gina mafi yawan masallacin a ƙarni na 18, rubutun ne ya tsira. Tafiyar ta fi awa ɗaya, amma hanya ɗaya ce da Jozani har wani wuri, ana iya haɗa su. Ranar Juma'a shaguna da dama sukan rufe da azahar. A watan azumi kuma gidajen abinci na 'yan gari ba sa buɗewa da rana, kuma ba a son a ga baƙo yana ci a titi ko da matafiyi ne.

Masu karatu da dama sun yi tambaya kan takardu da kuɗi.

Masu fasfon Najeriya, Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a bakin iyaka, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni. A fara da wata biyu kafin tafiya, a kuma nemi kamfanin jirgin ya bayyana a rubuce abin da ake buƙata ga mai irin fasfonka, domin wani lokaci rashin bizar zango ɗaya yakan hana mutum hawa jirgin tun daga tashar farko. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance a jaka. Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44, a tambayi kamfanin yadda ake yi da ita ga fasinjojinsu. Kuɗin ƙasar shilin ne na Tanzaniya, a canza kaɗan a halastaccen wurin canji saboda kasuwa da 'yan kyaututtuka. Tsofaffin takardun dala da masu yagewa ba sa karɓuwa. An haramta ledar zuba kaya, a riƙe jakar yadi.

Tambaya ta ƙarshe daga Zariya: Idan mutum ya makara, jirgi zai jira?

Idan yawon kamfanin jirgin ka bi, ana jiran motarku. Idan da kanka ka fita, ba a jira. Agogon Zanzibar yana gaba da na Najeriya da awa 2, kuma wani lokaci agogon jirgi yakan saɓa da na gari, alhali waya tana sauya lokacinta da kanta. Na jirgi ake bi. Kafin ka sauka, ka ɗauki hoton takardar shirin ranar da ake rabawa a ɗakuna, akwai sunan wakilin jirgin a tashar da lambar wayarsa. Shi za ka kira da zarar ka ga ba za ka iso ba, a hannunsa kuma ake barin fasfon wanda aka bari in yana ajiye a jirgi. Daga nan cim ma jirgin a zango na gaba ya koma aljihunka, ko ta jirgin sama, ko ta jirgin ruwan fasinja da ke kai mutum Darussalam cikin kamar awa 2. Saboda haka ko yawon ƙafa za ka yi, katin banki da kwafin fasfo da maganin da kake sha kullum su kasance tare da kai.