Kafin ka fasa bangon ɗakin Inna

Wa alaikumus salam Auwalu, ya Kaduna ya aiki, ya su Maryam da yaran. Tun jiya naga saƙonka amma wayar ba caji, sai da asuba aka kawo wuta. Ka ce ka tara ɗan abin da ka tara kana so ka cire tsofaffin tagogin gidanmu na cikin birni ka sa na alminiyam manya irin na gidanka, kuma mai aikin yace a faɗaɗa ramukan su koma ƙafa 4 da 4, shine kake tambaya wai dole ne sai an je an gaya wa maƙwabta ko dai tsohuwar al'ada ce kawai, tunda gidanmu ne kuɗinka ne. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da gida, toh amma dakata tukuna.

Waɗannan ƙananan tagogin da kake gani can sama kusa da rufi ba wai talauci ne yasa aka yi su haka ba, maginan da suka gina masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarimu, su Babban Gwani Malam Mika'ilu, da suka iya ɗaure baka da azara ya tsaya har yau, ai ba buɗe taga ce za ta gagare su ba. Bangon tubali mai kauri da rana yana tare zafi, da dare ya sake shi a hankali, ƙaramar taga a sama kuma ta nan zazzafar iska ke fita. Sannan rayuwar gidan ai a tsakar gida take, can ake girki can ake shanya can ake hira, ɗaki na kwana ne da ajiya. Shi yasa duk abin da ya shafi haske da iska ta ciki ake nemansa, bangon waje kuwa a bar shi a rufe.

Maganar maƙwabci kuma wallahi ba al'ada kaɗai bace. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya san wurin da aka hana mutum cutar da maƙwabcinsa, kuma cikin misalan da aka kawo har da buɗe taga kusa wadda zai riƙa hango gidan maƙwabci ta cikinta, da buɗe ƙofa saitin ƙofarsa. Malaminmu Allah ya jiƙansa yana kawo mana hukuncin Sayyadina Umar, cewa a ajiye gado ƙarƙashin tagar mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci toh a toshe ta. Kaga ma'aunin kenan, ba sai ka nemo injiniya ba. Kuma kar ka ce ai ni ba leƙe zan yi ba, matan gidan Malam maƙwabcinmu basu san zuciyarka ba, abin da suka sani kawai akwai ido a bango, daga ranar mace ba za ta ƙara fitowa tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji ba, ka mayar mata da gidanta kasuwa.

Ni na taɓa yin wannan wautar, lokacin kana ƙarami ba za ka tuna ba. Da na gyara ɗakina na wajen shigifa na sa luba, tagar nan mai jerin gilasai, har biyu ina jin ni ɗan boko, ɗaya tana kallon katangar yamma ta wajen gidan Malam. Ba wanda ya min faɗa, sai dai Malam ya daina zama a dakalinmu bayan Magariba, sati biyu sai ga mai unguwa ya turo a kira ni. Da kuɗina na buɗe da kuɗina na toshe, babanka har ya rasu yana min dariyar wannan abin. Lubar da ta rage kuma yara da ƙwallo suka ƙarar da gilasan ɗaya bayan ɗaya, in hunturu ya zo ƙura kamar a waje kake kwana.

Toh ga abin da nake gani. Bangon da ke kallon lungu da na gidan Malam, ka canza tagar in itacen ya ruɓe amma ka bar ta a tsayinta da girmanta. Na cikin tsakar gida nan ne zaka sake jiki, su ma a ɓangaren bulo da aka gina daga baya. Ɗakin Inna na ƙasa ne, siminti kawai aka shafe shi da shi, azara ce a saman tagar take riƙe da nauyi, in mai aikin nan ya sa guduma ya faɗaɗa ba tare da an zuba linta ba, damina ɗaya zaka ga tsaga. Ka nemo magini na ƙasa ya duba kafin mai alminiyam, akwai sauransu a cikin birni.

Irin tagar kuwa, ni silaidin, wadda ake turawa gefe, bata burge ni ba, rabi kawai take buɗewa, a watan Maris da Afrilu in ba wuta sai mutum ya dahu, ga layin da take gudu a kai yana cika da ƙasa ta dinga cijewa. Mai buɗewa kamar ƙofa tafi bada iska kuma in an rufe tafi tare ƙura, in dai robar gefen mai kyau ce, ka taɓa kaurin alminiyam ɗin da hannunka don akwai wanda kamar gwangwanin madara yake. Ragar sauro dole ce. Ƙarfen tsaro ma a sa, amma ka ce wa mai walda ko ɗaya a kowane sashe ya yi shi mai buɗewa da kwaɗo, lokacin sanyi tsofaffi basa rabuwa da kaskon wuta a ɗaki, Allah ya tsare. Bangon gabas shi hadari ke duka, a yi masa ɗan rufi a saman tagar in ba haka ba ruwa har kan gado. Wancan gilashin mai kama da madubi da kake so kuma, da rana ne kawai yake rufa asiri, da dare ka kunna fitila na waje yana ganinka tar kai baka ganinsa, labule dai ba makawa.

Sai kuma ita mai ɗakin, ka tambaye ta kuwa? Shekara sama da 50 tana ajiye carbinta da tocila da kwalbar man zafi a bakin wannan tagar, jiya da na ɗan taɓa mata zancen cewa tayi ita dai kar a kawo mata hasken da zai hana ta barcin rana. Ka zo ranar Juma'a in Allah ya kaimu, bayan an sauko sai mu shiga wajen Malam tare, ka riƙo goro ko ɗan turare, kai zaka yi bayani ni ina gefe, ka nuna masa wadda zaka taɓa da wadda zaka bari. Kar ka bada kuɗin aiki kafin nan, kuma ka taho da tef ɗin awo don nawa yara sun ɓatar.

Ka gaida Maryam, kace mata yajin ya iso.