Hukuncin Alwala ga Wanda Ya Shafa Basilin Mai Haɗin Kyandir

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim, ina haɗa man shafawa ina sayarwa. Nakan narka basilin da man kaɗanya da turare, in ɗan sa kyandir don kada ya narke a rana. Na masu faso kuwa kyandirinsa ya fi yawa, cusa shi ake yi a tsagar dunduniya. To wani ɗalibi ya ce wa maigidana duk wanda ya shafa basilin ba shi da alwala, kuma alhakin sallolin mutane yana wuyana. Shin in daina sana'ar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kada ki daina. Basilin daga ɗanyen man fetur ake tace shi, abu ne na ƙasa mai tsarki, saye da sayar da shi halal ne, shafa shi kuma ba ya karya alwala.

Maganar ɗalibin nan ce take buƙatar tsayawa, domin duk hunturu sai ta dawo. Hujjarsu ita ce idan ka shafa basilin ka zuba ruwa, sai ka ga ruwan yana dunƙulewa yana zamewa, wai ke nan bai taɓa fata ba. Wannan karatu ne rabi da rabi. Abin da malamanmu na Malikiyya suka shardanta shi ne kada a sami shamaki a kan gaɓa, suka kuma ba da misali da kaki da man da ya daskare ya yi jiki. Kalmar "ya yi jiki" ita ce ɗalibin ya tsallake. Da kowane maiƙo shamaki ne, da ba su sa wannan ƙaidi ba. Imam Nawawi ma, daga ɓangaren Shafi'iyya, ya bayyana cewa idan akwai gurbin mai a gaɓa, ruwa ya taɓa fata ya gudana bai tsaya ba, alwala ta yi, domin tsayawar ruwa ba sharaɗi ba ne. Sa'an nan mu duba da hankali: fatar ɗan Adam da kanta maiƙo take fitarwa, mai yin ƙuli-ƙuli da mahauci wuni suke hannu cikin mai, iyayenmu da man shanu da man kaɗanya suka yi hunturunsu, babu malamin da ya ce su sake salla. Basilin ɗin ma ba baƙo ba ne, tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka. Kuma a mazhabarmu cuɗawa farilla ce. Hannun da ke bin ruwa yana murza gaɓa shi ke kai ruwan ga fata. Gaya wa mutanen karkara, a lokacin da leɓe ke tsagewa ƙafa na jini, cewa shafa mai na ɓata salla, tsanantawa ce ba da dalili ba.

Inda hukuncin ya canza a tambayarki shi ne kyandir. Basilin zalla laushi gare shi, ɗumin jiki da murzawa suna shimfiɗa shi ya zama siriri. Kakin kyandir ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 45, wato a jikin mutum daskararre yake zama, balle ga ruwan sanyi na asuba. Don haka man da kike cusawa a faso shamaki ne na gaske. Ga gwaji mai sauƙi da za ki koya wa masu saye: a kankari wurin da farce. In wani abu ya taru a farcen, a goge da tsumma ko a wanke da sabulu da ruwan ɗumi kafin alwala. In santsi ne kawai da sheƙi, a yi alwala a cuɗa da kyau. Haka hukuncin yake a wankan janaba, haka kuma man kitso da aka lafta a kai har ya yi kauri.

Mai faso kashi biyu ne. Wanda nasa kaushi ne da ƙaramar tsaga, sai ya cire abin da ya hau saman dunduniya ya wanke. Kin san gargaɗin da ya zo a hadisi a kan barin dugadugai ba a wanke ba a alwala. Wanda nasa ya zurfafa yana jini, cirewa ko shigar ruwa za ta ƙara masa ciwo ko ta jinkirta warkewa, to man ya zama magani a kan rauni: ya bar na cikin tsagar, ya shafa a kansa da jiƙaƙƙen hannu, ya wanke sauran ƙafar. Sallolin baya kuwa, babu wanda zai rama saboda zato. Wanda ya tabbata ya yi alwala da kaki a saman ƙafarsa ba da lalura ba, shi ne zai rama, ke kuma ba ki da laifinsa.

Abin da zai hutar da kowa shi ne a shafa bayan alwala. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi kada iska ta kwashe. Shafa shi a busasshiyar fata ƙaramin amfani ne. A fata mai danshi ne yake aiki. Mai faso ya jiƙa ƙafarsa a ruwan ɗumi kamar minti 10 bayan isha'i, ya goge kaushin da dutse, ya shafa, ya sa safa ya kwanta, da asuba ya goge. Kuma a riƙa zuba ruwa daga buta, kada a tsoma hannu mai mai da turare cikin ƙwarya har ruwan alwalar ya canza.

Ba ki tambaya ba, amma ga inda alhaki zai iya hawa wuyanki da gaske. Kada ki sa man bilicin ko maganin bututu na ƙaiƙayi a haɗinki ko da masu saye sun roƙa. Basilin yana rufe fata, sai maganin ya ƙara ratsa ta, ya sirantar da ita. Kada ki zuba haɗinki a robar Vaseline ki bar mutum yana zaton na kamfani ne, wannan algus ne. Ki faɗi abin da ke ciki. Ki sayi basilin tatacce, mara warin kananzir. Wajen narkawa, ki ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye kan murhu ba, don yana kama wuta, kuma ki kawar da yara. Turare sai an sauke ya ɗan huce. Ki hana iyaye cusa shi can cikin hancin jarirai, yana iya gangarawa huhu. Sabuwar ƙuna ruwa mai sanyi ake fara zuba mata, ba mai ba. Mai ciwon suga kuma da ya zo miki da faso mai ruwa ko wari, kada ki sayar masa, ki ce ya tafi asibiti.

Na ƙafar nan, in za ki ji tawa, ki rage masa kyandir ki ƙara man kaɗanya. Ki gaida maigidan naki.

Wallahu a'alam.