Na'urar auna lokacin tana da kyau, to me ya sa sakamakon yake yawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar fiziks ne. Muna da na'urorin gano haske biyu da ya kamata su amsa a lokaci guda, mun haɗa su da na'urar auna tazarar lokaci da ake kira TDC, wadda takardarta ta ce tana bambance pikosakan 25. Amma tazarar da muke samu tana yawo da kusan nanosakan ɗaya. TDC ɗin ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗalibina, da wuya laifin ya zama na TDC. Ita aikinta ƙirga tazara tsakanin "fara" da "tsaya" ne kawai, kuma ta iya wannan ƙirga. Matsalar tana gabanta: wa ke gaya mata cewa yanzu ne siginar ta iso?

Bari mu fara da girman abin. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, a cikinsa haske yana tafiyar santimita 30 kacal. Pikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan. A irin wannan ƙanƙanin lokaci, bugun lantarkin da ke fitowa daga na'urarka ba ya isowa tashi ɗaya, hawa yake yi kamar tudu. Da'irar da ke yanke hukunci tana da layin iyaka, da zarar bugun ya tsallake layin sai ta ce ya iso.

Ga lissafi, ka bi shi da alƙalami. A ce bugun yana kai ƙololuwarsa cikin nanosakan 2, kuma ka sa iyaka a milibolt 50 (milibolt ma'aunin ƙarfin lantarki ne, kashi ɗaya cikin dubu na bolt). Babban bugu mai tsayin milibolt 1000 zai tsallake iyakar bayan nanosakan 0.1. Ƙarami mai milibolt 100 sai ya yi rabin hawansa, wato nanosakan 1. Tare suka taso, amma an rubuta wa ƙaramin makarar pikosakan 900, ninki 36 na abin da TDC ɗinka take iya bambancewa. Tun da ƙarfin hasken da ke faɗowa yana canzawa daga wannan karo zuwa wancan, tsayin bugun ma yana canzawa, lokacin sai ya riƙa yawo. Ina kyautata zaton nan ne nanosakan ɗinka yake ɓacewa.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne da'irar da ake kira CFD. Tana raba siginar gida biyu: ta rage ƙarfin ɗaya zuwa wani kaso, misali 20 cikin 100, ta jinkirta ɗayar ta kifa ta, sannan ta haɗe su. Inda haɗin ya ratsa sifili, nan ne lokacin isowa, kuma wurin ba ya gusawa ko bugun babba ne ko ƙarami, muddin siffarsu iri ɗaya ce. Dabara ce mai burge ni har yau. Idan ba ku da CFD, ku riƙa ajiye tsayin kowane bugu tare da lokacinsa, daga baya a gyara a kwamfuta.

Akwai kuma hayaniyar lantarki, wadda ke sa layin siginar kakkarwa. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: ka raba girman hayaniyar da tsananin hawan bugun, abin da ka samu shi ne rawar lokacin. Hayaniyar milibolt 5 a kan ƙaramin bugun nan, mai hawa milibolt 50 a kowane nanosakan, tana jawo rawar pikosakan 100. A kan babban, pikosakan 10 ne. Shi ya sa ake son bugu mai tashi da sauri, kuma ake sa layin iyaka a inda hawan ya fi tsanani, ba can ƙasa cikin hayaniya ba.

Sai kebul, wanda ɗalibai suka fi rainawa. A kebul irin RG-58 sigina tana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita, wato santimita ɗaya pikosakan 50 ne. Bambancin tsawo ba ya sa lokaci yawo, yana dai gusar da shi gefe guda, kuma ana iya auna shi a cire. Abin tsoro shi ne mahaɗin da bai ɗauru ba, da kebul ɗin da ba a rufe ƙarshensa da resista (abin rage gudun lantarki) mai om 50 ba, domin siginar za ta dawo kamar amsa-kuwwa ta ɓata siffar bugun. Kada ka ɗauka ƙananan ɗakunan gwaji kaɗai wannan ke kayarwa. A watan Satumba na 2011 masana da ke wani babban gwaji mai suna OPERA suka sanar cewa wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ake kira nutrino, da aka harbo daga cibiyar binciken fiziks ta CERN zuwa ɗakin gwaji na Gran Sasso a Italiya, tafiyar kusan kilomita 730, sun riga haske isowa da kimanin nanosakan 60. A 2012 aka gano cewa babban dalilin shi ne wata wayar haske mai kawo siginar lokaci daga GPS ba ta ɗauru da kyau ba.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka mayar da na'urar. Cire na'urorin gano hasken, ka ɗauki sigina ɗaya daga injin samar da bugu, ka raba ta zuwa ƙofofin TDC biyu da kebul masu tsawo ɗaya. Idan yawon ya sauko zuwa 'yan gomomin pikosakan, TDC ta kuɓuta. Sannan ka riƙa rage tsayin bugun a ƙofa ɗaya kana kallon yadda tazarar take gusawa. Abin da ka gani shi ne ainihin makarar da na lissafa maka a sama. Ka musanya kebul ɗin biyu ka sake aunawa. Kuma ka bar kayan a kunne kamar rabin awa su ɗumama kafin ka fara rubuta komai, domin zafi ma yana gusar da jinkirin da'ira.