Mangwaron gidanmu ya yi tsayi ya rage 'ya'ya, in guntule masa kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Muna da bishiyar mangwaro mai aure a tsakar gidanmu nan Zariya, mahaifinmu ne ya dasa ta, ta fi shekara 20. Yanzu ta wuce rufin gida, cikinta duhu, 'ya'yan sai can ƙololuwa inda sanda bata kaiwa, bana ma kaɗan ta yi. Wani ya ce in kira masu gatari su guntule mata kai gaba ɗaya a shafe wurin da baƙin mai. Dan Allah ya kake gani, kuma wane lokaci ya fi dacewa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa ka ajiye maganar gatari tukuna, baƙin mai kuwa ka manta da shi kwata-kwata.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne mangwaro a ƙarshen reshe yake fure, wato can bakin tsinin da rana take dukansa. Duk reshen da ke cikin duhu zai yi ta zama ne kawai yana cin abinci ba ya haihuwa, shi ya sa kaga 'ya'yan sun gudu sama, ai can ne hasken yake. Kenan matsalar bishiyarka ba tsufa ba ne, shekara 20 ba komai ba ce a wurin mangwaro, cunkoso ne ya yi mata yawa. Sannan kada ka ɗora laifin bana duka a kan cunkoson, mangwaro dama yana da wannan halin, shekara ɗaya ya cika ya tumbatsa, ta gaba ya ja baya ya huta.

Maganar lokaci, wannan shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna. A nan arewa mangwaro yana fure ne da hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, a sha shi daga Maris zuwa Mayu ko Yuni gwargwadon iri. Lokacin rage rassa shi ne da zarar an tsinke na ƙarshe, ba jira. Dalili kuwa, in ka yanke a lokacin damina za ta taimaka ya fito da sabon toho, tohon ya samu watanni ya ƙosa ganyen ya yi kore shar, to a kan wannan tohon da ya ƙosa ne sanyin hunturu zai fito da fure. Amma in ka bari sai Oktoba ko Nuwamba kamar yadda wasu suke yi wai sun gama aikin gona sun samu sarari, wallahi furen bana ka sare da hannunka ka zubar. Ka dai zaɓi ranar da ba hadari, a yi yankan da safe wurin ya sha rana ya bushe, domin cutar nan da ke sa baƙin tabo a ganye da jikin mangwaro da danshi take yaɗuwa.

Guntule kai gaba ɗaya, ban ce ba a yi ba. Masu lambu suna yi wa tsofaffin bishiyoyin da suka lalace, kuma mangwaro yana da taurin rai zai toho. Sai dai ka sani za ka yi kamar shekara 2 ko fiye ba ka sha ko ɗaya ba, inuwar tsakar gida ta tafi, kuma abin da zai fito wasu tsiraran rassa ne burjik a bakin kututturen waɗanda ba su kama itacen da kyau ba, in suka yi nauyi iskar farkon damina sai ta ɓalle su. Ni dai in tawa ce bishiyar, a hankali zan sauko da ita cikin shekara 2 zuwa 3, kuma kowace shekara ba zan cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta ba, tunda da ganyen take dafa abincinta.

Bana ka fara da abin da ba gardama a kansa, busassun rassa, waɗanda suka karye, waɗanda gara ko tsutsa ta cinye, da waɗanda suke gogar juna har ɓawo ya saɓule. In akwai kauci a jiki kada ka tsinke shi kawai, saiwarsa tana cikin reshen, sai ka yanke reshen a ƙasa da inda ya kama. Kuma tunda mai aure ce, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi, na uwar ne, in ka bar shi zai shanye ƙarfin ya ba ka ɗan ƙaramin mangwaro mai zare. Bayan nan ka tsaya a gindi ka ɗaga kai, za ka ga reshe ɗaya ko biyu da suka miƙe tsaye a tsakiya suka toshe sama, su za ka cire don rana ta samu ƙofar shiga. In ka ga haske yana faɗowa ƙasa ɗigo-ɗigo da tsakar rana, ya isa haka, a sauko. Baɗi sai a rage tsayin gefe ɗaya, bayan baɗi ɗayan gefen, har ta tsaya a kamar mita 4 zuwa 5. Kuma in za a rage tsayin reshe ba a tsakiya ake datse shi ba, a bi shi ƙasa zuwa inda wani reshe ya fita gefe, wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda za a cire, a yanke a nan, shi sai ya karɓi ragamar.

Yanzu yadda ake yankan kansa, nan nake so ka tsaya a kan mai aikin ko da zai ji haushi. Duba inda reshe ya haɗu da uwar bishiya, za ka ga wani ɗan kumburi ya zagaye gindin reshen. Wannan kumburin shi ne yake girma ya rufe ciwon. In aka yanke shafe da jikin bishiya an tafi da shi, ciwon ya yi faɗi, ruɓa ta shiga ciki. In kuma aka bar dungu mai tsawo, bishiya ba za ta iya rufe shi ba, zai bushe ya ruɓe gara ta samu hanya, kogon da kake gani a tsofaffin bishiyoyi galibi daga nan ya faro. Daidai bayan kumburin ake yanka. Shi itace ba ya warkewa irin fatar mutum, killace wurin yake yi daga ciki ya bi da sabon ɓawo ya lulluɓe, wani masanin itatuwa ɗan Amurka mai suna Alex Shigo ya yi shekaru yana tsaga bishiyoyi yana nuna haka.

Babban reshe kuma sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga jikin bishiya, a shiga kashi ɗaya cikin uku a tsaya. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farkon, har reshen ya faɗi. Na uku a cire guntun da ya rage a bakin kumburin nan. Wanda ya fara daga sama kai tsaye nauyin reshen zai fizgo ɓawo ya yage shi har ƙasa, kuma wannan yagewar ta fi yankan illa nesa ba kusa ba. Zarto ya fi adda da gatari don yana barin wuri sumul, in ba shi to addar ta zama mai kaifi sosai. A goge bakin ƙarfen da sifirit ko ruwan bilic in an yanke reshe mai cuta kafin a taɓa mai lafiya.

Baƙin mai yana ƙona ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda shi ne zai rufe ciwon, ya kuma riƙe danshi a ciki. Ƙananan yanka a bar su haka nan su bushe. Manyan, musamman da yake damina ce ke tafe, ka je wajen masu sayar da maganin gona ka nemi maganin naman gwari mai jan ƙarfe a ciki, a dama shi da kauri a shafa. Rassan da suka saba da inuwa kuma yanzu suka fito rana, a shafa musu farar ƙasa ko farin fenti na ruwa da aka sirka rabi da rabi, kada ɓawon ya ƙone ya tsage.

Kada ka ɗauki wannan ka kai kan kowace bishiya fa. Zogale ko ka datse shi a tsayin ƙugu murna yake yi, darbejiya ma tana jurewa, gwaiba a sabon toho take haihuwa don haka tana son a rage mata. Lemo kuwa ba ya son hannu da yawa, busasshe da tsiron ƙasan aure kawai ake cire masa.

Mai hawa ya sa riga mai dogon hannu ya kare idonsa, ƙaron mangwaro yana ƙona fata. A ɗaure manyan rassa da igiya a sauke su a hankali tunda kwanon rufi na kusa, yara su fita daga tsakar gida, in kuma akwai wayar wuta da ta ratsa ta cikin rassan kada kowa ya hau sai ma'aikatan wutar lantarki sun zo sun kashe layin. Rassan da suke da cuta a fitar da su a ƙone, sannan ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe a zagaye daidai inda inuwar ta ƙare, kada ka tara shi a jikin gindi.