Amsa: Mumbai Indians ƙungiyar ƙasa ce ko ta kamfani?

Malam, ka ce ka ga wasan kurket (wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda) na Mumbai Indians a gidan kallo nan Sakkwato, ka ga Bature a cikinsu, abin ya ɗaure maka kai.

Ba ƙungiyar ƙasar Indiya ba ce. Mallakar kamfanin Reliance ce, tana buga gasar IPL, wato babbar gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, da aka fara a 2008. Ƙungiyoyi 10 ne, kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar a Firimiya. 'Yan wasa kuwa gwanjonsu ake yi, wanda ya fi tayi ya ɗauka, amma 'yan ƙasar waje 4 kacal ake bari cikin 11 da ke fili.

Tsarin T20 suke bi: kowane ɓangare jifa 120, cikin awa uku da ɗoriya an tashi. Wasan darensu ƙarfe 3 na rana yake kamawa a nan, tsakiyar zafin Afrilu. Nakan kalla da fanka a kaina, in akwai wuta.

Kada ka ɗauka wanda ya fi tsada a gwanjo shi zai fi kowa. Ana yawan shan mamaki. In kuma ƙaninka na son bugawa, Hukumar Kurket ta Najeriya za ku tuntuɓa. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya kai shi Indiya, ku guje shi.