Amsa ga ƙanina mai haddar kalmomin Turanci da fassarar yaren Cek

Wa alaikumus salam ƙanina, ya gida ya su Umma, ya zafin Kano. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni wlh. Ka ce ka sauke wani fayil mai kalmomin Turanci wajen dubu uku, kowace da fassararta ta yaren Cek a gefe, kullum bayan asuba kana haddace hamsin kamar mai tilawa, kana tambaya ko in ka kai ƙarshensa ya isa ka taho karatu nan ƙasar Cek. To sannu da ƙoƙari, amma bai isa ba, a wasu wuraren ma shi zai kai ka ya baro.

Ni ma da irinsa na sauka birnin Brno shekara shida da suka wuce, kuma ba kalmomin da ban sani ba ne suka wahalar da ni, waɗanda na ɗauka na sani ne. Satin farko aka ce min in je kolej in ajiye kaya, ni kuma kunnena ya ji college, na ja akwati sai ginin da ake lacca, ashe kolej ɗakin kwanan ɗalibai ne, hostel ɗinmu dai. Daga baya a tashar jirgin ƙasa na sake ganin kolej a allo, nan kuma layin dogon da jirgin zai tsaya a kai ake nufi. Kaga fayil ɗinka ɗaya kawai zai ba ka a ciki.

Irinsu suna da yawa. Host a Turanci mai masauki ne, a nan host shi ne baƙon. Šéf ba mai girki ba ne, oganka ne a wurin aiki, mai girki kuchař ake ce masa. Gymnázium makarantar sakandare ce ba wurin ɗaga ƙarfe ba. Promoce bikin yaye ɗalibai ne, ba ƙarin girma ba. Brigáda kuwa ba ruwanta da soja a bakin ɗalibai, ɗan aikin wucin gadi ne da za ka riƙa yi kana samun na cefane, wannan kam za ka riƙe ta da wuri. Wadda ta fi cin mutane ita ce eventuálně, don eventually na Turanci na nufin daga ƙarshe abin zai faru, ita kuma nufinta wataƙila, in ta kama. Kuma su kansu mutanen nan suna ɗauko ma'anar tasu su zuba a Turancinsu, wani malamina ya taɓa rubuto min cewa eventually za mu haɗu ranar Juma'a, na je na zauna ƙofar ofishinsa kusan awa guda, shi kuwa bawan Allah cewa ya yi ƙila mu haɗu in hali ya yi. Haka aktuální, ba actual ba ce, na yanzu take nufi.

Sai kuma no. Eh a yarensu ano ne, a'a kuma ne, amma a hira suna yawan cewa no kawai, kamar yadda muke cewa to, ko eh mana. Matar da na fara kama haya wurinta na tambaye ta ko zan iya amfani da injin wanki, tana gyaɗa kai tana no, no, na koma ɗaki ina cewa wannan tsohuwa akwai rowa, kwana huɗu ina wanki da hannu a banɗaki.

Yanzu ka juya abin ta ɗaya gefen, wanda a ganina ya fi muhimmanci. Kalma ɗaya ta Turanci sai ta tsage gida uku a nan. Go kawai ka sani ko? To in da ƙafa za ka jít ne, in a mota ko taragu jet ne, in kuma abu ne da kake yi kullum sai ya koma chodit ko jezdit. Free ma haka, zdarma kyauta ce ba biya, volný wurin da ba kowa kamar kujera a jirgi, svobodný mai 'yanci, kuma ita ce dai za ka gani a fom tana nufin marar aure. Mai aure namiji ženatý, mace vdaná, kar ka cike na mata a yi maka dariya.

A nan ne na gano Hausarmu ta fi Turanci yi min amfani. Know a fayil ɗinka za ka ga vědět, znát, umět a jere ba bayani, amma umět ai iya ce tamu, na iya tuƙi, na iya Hausa, umím, shikenan ka gama da ita, sauran biyun sani ne, vědět na labari ko zance, znát na mutum ko wuri. You kuma Bature ɗaya gare shi, su suna da ty na aboki da yaro, da vy na jam'i da na girmamawa, daidai yadda ba za ka ce wa Baba kai ba sai ku. Malami, likita, ɗan sanda, mai kanti, duk vy ne har sai shi da kansa ya ce ku koma ty. Sannan jan wasali, kunnen Bahaushe ya saba da shi tun yana goye, su kuma har alama suke sa masa a rubutu, byt gidan haya ne na bene, být kuma kasancewa, ɗan ja kaɗan ne ya raba su. Abokan karatuna da Turanci ne harshensu na farko sun sha wuya a nan, ni ko a jikina. Harafin ř ne dai har yau muke kokawa da shi.

Abin da fayil ba zai taɓa nuna maka ba shi ne suna yana canza wutsiya har hali 7 gwargwadon aikinsa a jimla. Babban birninsu Praha ne, amma a cikinsa v Praze, zuwa can do Prahy. Brno, v Brně, do Brna. Kare pes ne amma na ga kare sai ka ji psa, ka duba jerinka daga sama har ƙasa ba za ka same ta ba.

Lokaci kuma dan Allah ka kula. Půl osmé in ka bi kalma da kalma rabi ne da takwas, sai ka ɗauka takwas da rabi, alhali 7:30 ne, rabin hanya zuwa takwas suke nufi. Da wannan na rasa ganin likita, sai da na jira wasu makonni. Watanninsu ma ba su yi kama da Janairu Fabrairu ba ko kaɗan, červen Yuni, červenec Yuli, ka ga yadda waɗannan biyun suke kama da juna, a takardar biza ko ranar jarrabawa wannan ba abin wasa ba ne.

Idan haddar kake so, ga waɗanda suka cancanta tun kafin ka hau jirgi: vepřové naman alade, sádlo kitsensa, slanina da šunka da škvarky duk danginsa ne, kuma sádlo ɗin yana shiga har cikin wasu burodi da kayan fulawa, sai ka juya leda ka karanta inda aka rubuta složení, wato kayan haɗi. Hovězí na sa ne, kuřecí na kaza. Akwai masallaci a nan Brno tun 1998, a can za a nuna maka inda ake samun na halal.

Shawarata, kar ka yar da fayil ɗin, amma ka rage zuwa goma a rana, kowace ka buɗe ta a ƙamus ɗin intanet na Seznam Slovník ka ga misalan jimla, ka duba yadda wutsiyarta ke juyawa a shafin nahawu na Internetová jazyková příručka, kyauta ne duka, sannan a littafinka ka rubuta jimlar gaba ɗaya da ma'anarta da Hausa ba da Turanci ba. Jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta in da yaren Cek za ka yi karatun, ko daga ina ka fito, amma yawanci matakin B2 na iya yaren suke nema, wato sama da matsakaici, shi ya sa mutane da dama ke fara yin shekarar share fage, irin wadda cibiyar ÚJOP ta Jami'ar Charles ke yi. Sannan ka fara bin maganar nostrifikace, wato tantance takardar sakandarenka, tana cin lokaci.

Ka gaida Umma da kyau. In tafiyar ta tabbata ka taho min da yaji da kuka, kilishi kam kar ka ɗauko, ba a shigowa da nama Tarayyar Turai a jaka, a filin jirgi za a karɓe.