Ƙungiyar ƙabila da tinƙaho da asali: ina iyakar take?

Tambaya: Malam, ni Babarbare ne daga unguwar Birni a Damagaram. Muna da ƙungiya ta ƴan ƙabilarmu, kowa yana zuba jika ɗaya a wata, mu taimaki mara lafiya, mu koya wa yara Barbarci da ke neman ɓace musu. Abokina ya ce wannan ƙabilanci ne, haramun. Kwanan baya kuma ɗanmu ya yi rigimar rumfa da wani Bafulatani a kasuwar Dole, shugabanmu ya ce duk mu je mu ba da shaida. Ni ban ga abin da ya faru ba.

Amsa: Bismillah. Ɗana, ka tsawaita a kan kuɗin wata, alhali tambayarka tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Taimakon mara lafiya sada zumunci ne, koyar da harshe halal ne. Raina mutum don launinsa ko asalinsa haramun ne, babu saɓani.

Masu cewa duk ƙungiyar da ta ɗauki sunan ƙabila kiran jahiliyya ce suna kafa hujja da maganar Annabi (SAW): "Ku bar ta, ɗoyi gare ta." To a duba inda aka faɗe ta. Mutum biyu ne suka yi faɗa a wata tafiyar yaƙi, wannan ya yi kururuwa "ya ku Ansar", wancan "ya ku Muhajirai". Sunayen nan biyu Alƙur'ani da kansa ya yabe su, kuma ba a daina kiransu ba bayan ranar. Abin da ya yi ɗoyi shi ne a tara dangi don faɗa tun ba a san mai gaskiya ba. Ranar buɗe Makka ƙabilu sun shiga kowace da tutarta. Yarjejeniyar Madina ta bar kowane dangi yana haɗa diyyar ɗansa, kuma Sayyidina Umar ya tsara rajistar rabon dukiya bisa ƙabilu. Da suna ne laifin, da wannan duka bai faru ba.

Saboda haka zamanka a ƙungiyar ya halatta, amma zuwa shaidar nan bai halatta ba. Shaida a kan abin da idonka bai gani ba zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma ita ce ainihin asabiyyar da abokinka ke ji maka tsoro, wato goyon bayan dangi ko da ba su da gaskiya. Ka gaya wa shugabanku a keɓe, da ladabi. In ɗanku ne ya ci rumfar, taimakonsa shi ne ku hana shi. Balle Bafulatani abokin wasanku ne. Kakanninku da barkwanci suke kashe irin wannan wuta kafin ta kai fadar Sarkin Damagaram.

Tinƙaho kuwa, ka ce "mu jikokin Borno ne" kana godiya ga Allah, babu laifi. Ka kula da abin da harshe ke ƙarawa a baya, irin su "su kuwa bayi ne". Wannan suka ce ga nasaba.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar ta 1984 ta hana ƙungiya mai tushen ƙabila ko yanki, don haka ku nemi masanin doka kafin ku kai takardunku. Sannan ranar da Bahaushe ko Buzu mai addini ya zo neman ƙanwarka, kada ƙungiya ta sa baki. A mazhabar Malikiyya ba a sharɗanta ƙabila a dacewar aure. Wallahu a'alam.